Wa Ya Aiki Depite: Talakka ko Shugaban Jam'iyya?

Duk wanda ya bi sunayen jam'iyyun siyasar Nijar ɗaya bayan ɗaya, bai kuwa san tarihinsu ba, sai ya ɗauka ƙasar nan ba ta taɓa ganin gardama ba. Ga Nasara, ga Rahama, ga Tarayya, ga Zaman Lahiya, ga Alheri, ga Amana, daga baya kuma ga Jama'a, ga Lumana. Sunaye ne irin waɗanda uba zai so ya raɗa wa ɗiyansa. Amma ƙarƙashin tutocin nan masu kyawawan sunaye aka yi gabar da ta hana maƙwabci zuwa sunan maƙwabcinsa, ta kai shugabanni gidan kaso, ta kuma buɗe wa soja ƙofar fadar shugaban ƙasa fiye da sau ɗaya.

Ranar 26 ga watan Maris na 2025, ranar da aka rantsar da Janar Abdurahman Tiani a birnin Yamai, aka sa hannu kan dokar da ta rushe jam'iyyun ƙasar baki ɗaya, bayan an dakatar da ayyukansu tun juyin mulkin watan Yuli na 2023. Mutane da dama sun yi ajiyar zuciya, suka ce an raba mu da ƙaya. Ba na ganin laifinsu, domin jiki magayi. To amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda ya fasa tulu don ruwan ciki ya ɓaci, bai leƙa rijiyar da aka ɗebo shi ba, zai sayi sabon tulu ya koma shan ruwan jiya. Ra'ayina a nan shi ne, gabar jam'iyyunmu ta samo asali daga abu biyu: hanyar da depite ke bi ya samu kujera, da kuma girman abin da ake ci ko a rasa ranar zaɓe. Muddin ba a gyara waɗannan biyu ba, ko da wane suna aka dawo da siyasa, tsohon ciwon zai tashi.

Mu fara da alƙaluma, domin su ba su da jam'iyya. A zaɓen ƴan majalisar dokoki na ranar 14 ga Fabrairu 1993, wanda shi ne na farko bayan Taron Ƙasa na 1991 da kundin tsarin mulkin watan Disamba 1992, kujeru 83 aka yi takara a kansu. MNSD-Nasara ta samu 29, CDS-Rahama 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11, ƙananan jam'iyyu suka raba takwas da suka rage. Ba a cika shekara biyu ba aka sake kiran jama'a rumfunan zaɓe, ranar 12 ga Janairu 1995. MNSD ta samu 29, CDS 24, PNDS 12, ANDP 9. Ya kai mai karatu, ka jera alƙaluman nan kusa da juna ka duba. Talakka bai canza ra'ayi ba. Kusan inda ya jefa ƙuri'arsa a 1993, nan ya sake jefa ta a 1995. Amma duk da haka rinjaye ya juye: ƙawancen da ke da kujera 50 a 1993 ya wayi gari da 40, abokan hamayyarsa kuwa suka tashi da 43. Wane ne ya juya rinjayen, tun da masu zaɓe ba su juya ba? Shugabannin jam'iyyu ne suka canza wurin zama, ƴan majalisarsu kuma suka bi su kamar yadda tumaki kan bi makiyayi.

Ga yadda abin ya faru, don matasan da ba su ga zamanin ba. Bayan zaɓen Fabrairu 1993, jam'iyyun da ke ƙin MNSD, wadda suke kallo a matsayin magajiyar mulkin soja da na jam'iyya ɗaya, suka haɗu cikin ƙawancen AFC da kirarin canji. Suka mara wa Mahaman Usman baya ya kayar da Tanja Mamadu a zagaye na biyu ranar 27 ga Maris, sannan suka raba manyan kujeru uku: Usman shugaban ƙasa, Mahamadu Isufu faraminista, Mumuni Adamu Jermakoye shugaban majalisa. Abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne ƙin wani, shi kuwa ƙin wani ba ya riƙe tsintsiya da daɗewa. Cikin watan Satumba 1994 shugaban ƙasa ya fitar da dokar da ta rage ikon faraminista, Isufu ya yi murabus ranar 28 ga wata, PNDS ta fice ta ƙulla da MNSD ɗin da aka taru don a kayar. Majalisa ta kayar da gwamnatin Sule Abdulaye ranar 16 ga Oktoba, washegari shugaban ƙasa ya rushe majalisa. Da sabon rinjaye ya fito a Janairu 1995, suka ce Hama Amadu suke so faraminista; shugaban ƙasa ya naɗa Amadu Bubakar Sise, ɗan MNSD ne shi ma, sai jam'iyyarsa ta kore shi, majalisa ta jefa masa ƙuri'ar yanke ƙauna ranar 20 ga Fabrairu, aka naɗa Hama washegari.

Daga nan aka shiga zaman da masu jin faransanci ke kira kowabitasiyon, mu kuwa abin da muka gani zaman ƴan marina ne, kowa da inda ya sa gabansa. Shugaban ƙasa ya ƙi jagorantar taron ministoci, faraminista ya shiga sauya shugabannin kamfanonin gwamnati, gardama ta kai gaban Kotun Ƙoli. A wannan lokaci an riga an karya darajar kuɗin sefa da rabi tun Janairu 1994, ma'aikata suna bin gwamnati albashin watanni, annobar sanƙarau ta 1995 kuma tana kashe dubban mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ranar 27 ga Janairu 1996 Kanal Ibrahim Bare Mainasara ya ƙwace mulki, Jamhuriya ta Uku ta mutu ba ta cika shekara uku ba.

Akwai masu cewa aƙida ce ta raba jam'iyyun nan, akwai kuma masu cewa yanki ne da ƙabila. Ba na musun cewa kowace jam'iyya tana da inda ta fi ƙarfi: CDS a Damagaram, PNDS a Tawa, ANDP a Doso, Lumana a Yamai da Tilaberi. Amma mu dubi yadda aka riƙa ƙulla ƙawance ana warwarewa. A 1993 Usman da Isufu suna gefe ɗaya, Tanja da Hama suna ɗaya gefen. A 1995 Isufu yana tare da Tanja da Hama. A 1999 Usman ya mara wa Tanja baya aka kayar da Isufu, shi Usman ya zama shugaban majalisa har 2009. A 2009 Usman da Isufu da Hama suka haɗu suna yaƙi da tazarcen Tanja. A 2011 Hama ya mara wa Isufu baya aka kayar da Seini Umaru, ya samu shugabancin majalisa, suka ɓata a watan Agusta 2013. A 2016 Seini yana cikin ƙawancen ƴan adawa da ke bayan Hama, kafin shekarar ta ƙare jam'iyyarsa ta shiga gwamnatin Isufu. A 2021 Hama yana bayan Usman, Seini yana bayan Mohamed Bazum. Wace aƙida ce ke juyawa haka kamar iskar bazara? In kuwa ƙabila ce, me ya raba Usman na Damagaram da Isufu na Tawa, masu harshe ɗaya, me kuma ya haɗa Tanja na Maine-Sorowa da Hama na bakin kogin Kwara shekara da shekaru? Gaskiyar magana ita ce gaba ta fi zafi a ƙasa fiye da a sama. Shugabanni sun san gobe za su iya zama abokai, don haka ba sa rufe ƙofa ruf; magoya baya ne ake bari da zagin da ba ya goguwa, da zumuncin da ya tsinke.

Yanzu mu zo ga dalili na farko, wato hanyar samun kujera. Tun 1993 har zaɓen ƙarshe na Disamba 2020, mafi yawan ƴan majalisar Nijar an zaɓe su ne ta jerin sunaye. Jiha sukutum ita ce mazaɓa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da birnin Yamai, ban da kujeru takwas da aka keɓe wa mazaɓu na musamman irin su Bilma da Tasara da Bermo, da kuma biyar na ƴan Nijar mazauna ƙasashen waje da aka ƙara daga baya, lokacin da majalisa ta kai kujera 171 a 2016. Mai zaɓe yana zaɓen jam'iyya ne da alamarta. Ba shi da ikon soke sunan wanda bai yarda da shi ba, ba shi da ikon fifita wanda ya sani. Uwar jam'iyya ke rubuta sunaye, ita ke tsai da waɗanda za su hau kujerun da aka ci, ita kuwa uwar jam'iyya a Yamai take, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne da ƴan fadarsa da attajiran da suka zuba kuɗin yaƙin neman zaɓe. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Depite ya san wanda ya ci ladansa, ya kuma san wanda zai iya barin sunansa waje a zaɓe mai zuwa. Manomin Mirya ko na Madarumfa ba shi cikin waɗannan.

Kundin tsarin mulkin 2010 ya ce kowane depite wakilin ƙasa ne baki ɗaya, kuma ba wanda ya isa ya ɗaure masa ƙuri'a. Amma a wuri guda ya ce duk wanda ya fita daga jam'iyyarsa ya rasa kujera, madadinsa ya hau. An yi dokar ne don maganin canjin sheƙa da cinikin ƴan majalisa, kuma niyyar mai kyau ce. Sai dai ta ƙara wa shugaban jam'iyya igiya a hannu, ba ta kuwa hana jam'iyya sukutum canza sheƙa da ƙuri'un jama'a ba, alhali wannan shi ne babban canjin sheƙar da ya kayar da mu a 1994. Kazalika kundin ya wajabta cewa kashi 75 cikin ɗari na sunayen kowane jeri su zama masu takardar BEPC ta gama koleji, abin da ya sa aka soke jerin sunaye da yawa gabanin zaɓen Janairu 2011. Ilimi abu ne mai kyau ga mai rubuta doka, amma a ƙasar da akasarin manya ba su yi karatun lakol ba, sharaɗin ya ƙara tazara tsakanin mai wakilta da wanda ake wakilta.

To, da yake talakka bai san wace doka depite ya kaɗa wa ƙuri'a ba, sai ya nemi haƙƙinsa ta wata hanya. Da asuba ƙofar gidan depite cike take da masu takardar magani, da masu neman kuɗin mota, da masu gayyatar suna ko biki. Shi depite yana kukan an mai da shi baitulmali, talakka yana kukan ba ya ganin depite sai lokacin zaɓe, kuma dukansu gaskiya suke faɗa. Aikin da aka aike shi ya yi, wato binciken kasafin kuɗi, da tsare ministoci da tambaya, da kai kukan makiyayi da manomi cikin doka, shi ne wanda ba mai tambayarsa a kai. Ba mamaki da a zaɓen 1993 da na 1995 kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya fita jefa ƙuri'a.

Dalili na biyu kuwa, jama'a da kansu suka raɗa masa suna tun zamanin AFC: wasoso. A ƙasar da gwamnati ce babban rumbu, wanda ya ci zaɓe ya ci komi. Shi ke naɗa prefe da sufurefe, da darektocin ma'aikatu, da shugabannin kamfanonin gwamnati. Daga hannunsa kwangila ke fita. Wanda ya faɗi kuwa magoya bayansa su shirya a tura su aiki inda ba ruwa ba inuwa. Tun da farashin uraniyom ya faɗi cikin shekarun 1980 rumbun ya ƙanƙance, masu miƙa hannu suka ƙaru, sai rububi ya yi tsanani. Daɗin daɗawa, faɗuwa zaɓe kan zo da tsoron kurkuku. An kama Tanja bayan zanga-zangar 16 ga Afrilu 1994. An tsare Tanja da Usman da Isufu tare a Janairu 1997, zamanin Bare. Hama Amadu ya shiga gidan kason Kutukale a 2008, ya kuma yi takarar shugaban ƙasa ta 2016 daga gidan kason Filinge. Ba ina yanke hukunci kan shari'o'in nan ba, wannan aikin alƙalai ne. Abin da nake nufi shi ne darasin da kowane ɗan siyasa ya koya daga gare su: wanda ya sauka ya shiga uku. Darasin ma tsoho ne, tun lokacin da aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari a watan Oktoba 1959, mutanenta suka rabu tsakanin gudun hijira da kurkuku. Mutumin da ya san faɗuwa na iya kai shi can ba zai yi sassauci ba, ba kuma zai bar depite ɗinsa ya yi ba.

Tsarin raba iko tsakanin shugaban ƙasa da faraminista daga Faransa muka aro shi. Su ma sun yi irin wannan zama har sau uku, na farko a 1986 tsakanin Mitterrand da Chirac, amma gwamnati ba ta tsaya cik ba, domin a can canjin rinjaye ba ya sa a kwashe ma'aikata tun daga sama har ƙasa, wanda ya faɗi kuma yakan koma gidansa ya jira zaɓe mai zuwa. Mun aro rigar, mun bar jikin da aka ɗinka ta dominsa.

Wani zai ce, to ai maƙwabtanmu na Najeriya kowane ɗan majalisa yana da mazaɓarsa da sunansa a bakin jama'a, amma hakan bai raba su da iyayen gida da sayen ƙuri'a ba. Gaskiya ne. Zai kuma ƙara da cewa jerin sunaye ne ya ba ƙananan jam'iyyu murya, shi ya sauƙaƙa aiki da dokar kason mata ta shekarar 2000, har yawan mata a majalisa ya tashi daga mace ɗaya a 1999 zuwa 14 a 2004. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ba na cewa a yi watsi da jerin sunaye ɗungurungum. Senegal da Jamus sun haɗa hanyoyin biyu, wasu kujeru na mazaɓu, wasu na jeri. Abin nema shi ne kowane ɗan ƙasa ya samu mutum ɗaya da zai iya kiran sunansa ya ce: kai muka aika, ina saƙonmu?

Amma maganin da na tabbata ba ya warkarwa shi ne zama ba jam'iyyu, domin mun sha shi ba sau ɗaya ba. Daga 1959 zuwa 1974 jam'iyya ɗaya ce ƙarƙashin Jori Hamani, majalisar Bubu Hama ba ta da ɗan adawa ko ɗaya, kuma ba ta hana fari da yunwar farkon shekarun 1970 cin gwamnatin ba. Zamanin Seini Kunce babu jam'iyya sam. A watan Disamba 1989 aka zaɓi ƴan majalisa 93 daga jeri ɗaya tal na MNSD, babu gardama, babu gaba. Wata biyu bayan haka, ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy, domin kukan da bai samu hanyar shiga majalisa ba titi yake bi. A 2025 an kafa majalisar ba da shawara wadda ba ƙuri'ar jama'a ta kawo membobinta ba. Ba na shakkar akwai mutanen kirki cikinta. Sai dai ƙa'idar ba ta canzawa: wakili yana duban wanda ya ba shi kujera. In shugaban jam'iyya ne ya ba shi, can zai duba. In takardar naɗi ce, zai dubi wanda ya sa mata hannu.

Saboda haka, duk ranar da za a zauna rubuta sabbin dokokin siyasa, kuma ranar tana zuwa ko ba daɗe ko ba jima, ga abin da nake ganin ya kamata a sa gaba. Na farko, a rage girman mazaɓu, a mai da akasarin kujeru ga gundumomi, a bar wani kaso ga jerin sunaye na ƙasa don mata da ƙananan jam'iyyu, a kuma riƙe mazaɓun musamman. Na biyu, ƴan jam'iyya na kowace mazaɓa su fitar da ɗan takararsu da kansu, doka ta hana uwar jam'iyya soke shi daga Yamai. Na uku, a riƙa karanta yadda kowane depite ya kaɗa ƙuri'a kan kasafin kuɗi da manyan dokoki a gidajen rediyon karkara, cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran harsunan ƙasa, kuma bayan kowane zama ya koma mazaɓarsa ya yi bayani a bainar jama'a. Na huɗu, idan jam'iyya ta bar ƙawancen da ta nemi ƙuri'a da shi, a tilasta mata bayyana dalilinta a zauren majalisa, a kuma bar kowane depite nata ya zaɓi gefensa ba tare da ya rasa kujera ba. Na biyar, doka ta lissafa ƴan muƙaman da sabuwar gwamnati ke da ikon sauyawa, sauran a bar su ga jarrabawa da cancanta, domin in rumbun wasoso ya ƙanƙance, faɗan bakin rumbu zai ragu. Na shida, a ba ɗan adawa amincin kwana gidansa.

Kada wani ya ce ƴan Nijar ba su iya wannan ba. Daga 1999 zuwa 2009 an yi shekara goma da gwamnati da adawa ƙarƙashin rufi ɗaya, an kafa majalisar tuntuɓar juna ta jam'iyyu, CNDP, a 2004, majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Hama Amadu ranar 31 ga Mayu 2007 ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba, kuma da aka zo da tazarce a 2009, Kotun Tsarin Mulki ta ce a'a har sai da aka rushe ta. Ashe akwai abin da za a ɗora gini a kansa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Talakkan da ya tsaya cikin rana a Tasawa ko Gaya ko Tanut ya jefa ƙuri'a, bai aiki kowa Yamai ya yi masa gaba da ɗan'uwansa ba. Rijiya ya aika a nemo masa, da likita, da malamin makaranta, da hanyar kai hatsinsa kasuwa. Ranar da kujerar depite ta koma hannun wannan talakka, ya zama shi ke bayarwa shi ke karɓewa, ranar ce jam'iyyu za su fara cancantar kyawawan sunayen da suke raɗa wa kansu. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kira, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.